Rabon Auta

Ku matso, ku gyara zama, ku ji labarin tsoho Elwood Prochaska, mai gidan ƙarshen layi a wani ɗan gari na jihar Nebraska a Amurka.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran tarakta, amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, cewa zai yi shi sojan Marin ne, rundunar Amurka mai kai farmaki daga teku. Yana ɗan sha tara aka sauke su daga jirgin ruwa a gaɓar tsibirin Iwo Jima na Japan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin baƙin yashin nan mai haɗiye ƙafa. Su arba'in da biyu suka sauka a rukuninsu, tara suka dawo da ƙafafunsu. Bai taɓa ba kowa labarin ba. Kwalbar yashin da ya ɗebo can dai tana kan firij, kusa da hoton marigayiya matarsa, Verna.

Kowace goma ga Nuwamba, ranar da aka kafa rundunar, 'yan Marin sukan yanka kek. Mafi tsufa ya gutsura, sannan ya miƙa wa mafi ƙuruciya. A da su taran nan suke haɗuwa, aka yi ta raguwa har ya zama saura Elwood da abokinsa Augie Ruiz, wanda ya girme shi da wata huɗu kacal.

"Karɓi, auta," in ji Augie kowace shekara. "Kar ka ɓata riga."

"Wata huɗu fa ka ba ni, tsohon banza!"

"Wata huɗu ma girma ne. Ce na gode, yallaɓai."

To, da bazara aka binne Augie.

Ranar ta zagayo, Elwood ya sayo kek kamar kullum, ya yanka da wuƙar yaƙin da Augie ya bar masa, ya gutsura. Sai ya tsaya riƙe da faranti a tsakiyar kicin. Yau shi ne babba, amma wa zai miƙa wa? In ya cinye shi kaɗai, ai abin mutum arba'in da biyu ya ƙare ke nan a bakinsa.

Tsallaken titi akwai Duane Hatch, direban babbar mota, shi ma ɗan Marin ne da ya yi yaƙin Falluja a Iraki. Tun da ya dawo labulensa a sake yake, daga shi sai karensa. Ya kankare tambarin rundunar daga gilashin motarsa, amma shatin bai fita ba. Shekara takwas suna maƙwabtaka, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba.

Da yamma ta yi, Elwood ya ɗauki sanda a hannu ɗaya, faranti a ɗayan, ya tsallaka. Yana ƙwanƙwasawa aka kashe talabijin a ciki.

"Na san kana nan, auta. Ko kwamandanmu bai taɓa shanya ni haka ba."

Can sai murya ta fito ta bayan ƙofa. "Baba, ka yi haƙuri. Ni na daina wannan. Can na baro shi."

"Ni ma can na baro nawa, ga shi shekara sittin da bakwai yana bina. Ba labari na zo ji ba, ba kuma zan ba ka nawa ba. Na gutsura, saura kai."

Karen ne kawai yake shinshinar ƙasan ƙofa. Elwood ya jira har ya gaji, sannan ya ajiye farantin a dokin ƙofa ya juyo. Ya zauna a kicin, kujerar Augie tana kallonsa.

Da safe ya buɗe ƙofa, sai ga farantin a bakin matakala, an wanke shi tas, an kife. Ba takarda, ba komai. Motar Duane kuwa ta riga ta fita.

Elwood ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya je jikin kalanda ya zagaye goma ga Nuwamban baɗi da biro, shi da ko ayaba ba ya saye ɗanya, don bai san ko zai ga nunarta ba.

To ku fa, me kuka gani? Duane ne ya ci rabon auta, ko karensa?