Na Sa Hannu a Takardar Ƙarya Kan Aminina

Assalamu alaikum, Edita. Ni ɗan kasuwar hatsi ne daga Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi. A lokacin da wannan abu ya samo asali, ina da rumfa a kasuwar Gaya, ina sayar da gero da dawa da wake, kuma ina da aminin da muka fara sana'ar tare, rumfarsa na jikin tawa. Shi ɗan cikin garin Gaya ne, ya kuma fi ni zafin nema. Kafin a jima ya sayi mota yana kai kaya Kano, daga baya ya buɗe babban shagon taki. Da jama'a suka matsa masa ya tsaya takarar majalisar jiha, ni na riƙa zagayawa da shi ƙauyuka har Kademi, ina gabatar da shi ga manoman da muke ciniki da su. Allah ya ba shi nasara.

Na sa rai zai ɗauke ni mai taimaka masa, sai ya ɗauki wani ɗan boko, ya ce mini aikin na rubuce-rubuce ne, ni kasuwa ta fi dacewa da ni. Na yi dariya na ce ba komai, amma maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru. Bai daina zuwa suna da biki a gidana ba, ni kuwa duk abin da ya yi sai in ga raini ne.

Ana nan sai gwamna ya aika sunansa majalisa domin a tantance shi a naɗa shi kwamishina. Wata ranar kasuwa wasu mutum biyu daga ɓangaren da ba sa ga maciji da shi suka same ni a rumfa da takardar ƙorafi. An rubuta cewa bai taɓa zana jarrabawar gama sakandare ba, sayen takardar ya yi. Suka ce suna neman wanda ya san shi tun farko ya sa hannu. Na san ƙarya ce. Ya bar makaranta ne da mahaifinsa ya rasu, sai da ya yi 'ya'ya uku ya koma ya zana. Duk da haka na karɓi biro na sa hannu.

Da na koma gida na gaya wa maiɗakina, ina jiran ta ce na yi daidai. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni, ta ce, "Malam, ba kai ka riƙa tsare masa rumfa ba lokacin da yake zuwa jarrabawar?" Daga ranar abinci ya daina shiga. Ko rediyo aka kunna, sai in kasa kunne, ina jiran in ji an ambaci sunana. Na kuma ji cewa ana iya kirana in rantse da Alƙur'ani. Na nemi mutanen su cire sunana, suka ce takarda ta riga ta isa majalisa.

Ana gobe za a tantance shi na hau mota zuwa gidansa a Kano. Ya hango ni cikin masu jira, ya kama hannuna muka shiga falo. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Sai ya jawo durowa ya fito da kwafin takardar, ya ce kwananta biyar a wurinsa. Lauyansa ya ba shi shawarar ya kai ni kotu, ya ƙi, yana jira ya ga ko zan zo da ƙafata. Ya ce batun jarrabawa bai dame shi ba, don hukumar shirya jarrabawar ta riga ta tabbatar da sakamakonsa. Sunana da ya gani a ƙasan takardar shi ya hana shi sukuni. Ya tambaye ni me ya yi mini. Da na tuna masa maganar aikin nan, sai ya ce wallahi bai san ta yi mini ciwo ba, ya roƙi gafarata tun kafin in roƙi tasa. A nan hawaye suka zubo mini. Na rubuta takardar janyewa, washegari aka tantance shi. A hanyar dawowa na tsaya Wudil na ci shinkafa da wake kwano biyu, kamar wanda ya tashi daga jinya.

Yanzu ya gama wa'adinsa ya koma kasuwanci. Ba zan ce amincinmu ya koma yadda yake ba, amma muna gaisawa da zuciya ɗaya, ni ma na samu natsuwa. Abin da na koya shi ne, ƙullin da na ɓoye shekaru, zama ɗaya ya isa ya warware shi da na buɗe baki tun farko. Ina jan kunnen 'yan'uwa, musamman masu aboki a kan mulki: in ya ɓata maka, je ka faɗa masa. Masu kawo maka takarda ba zafinka suke ji ba, sunanka suke nema, kuma ranar rantsuwa kai kaɗai za a miƙa wa Alƙur'ani.