Ranar da Na Sa Aka Kwance Jar Akuya

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da abin da bakina ya jawo wa wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Gazawa ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatun boko a lakol ba, wata ƙungiya mai neman a kyautata wa dabbobi ta ɗauke ni aikin wayar da kai. A buro, wato ofishinmu, aka ba ni littafin hotuna da aka buga a ƙasar Turawa, na haddace shi tsaf. Babban darasinsa shi ne dabba ba ta son ɗauri, a sake ta ta wala. Ni kuwa ɗan birni ne, ko kaza ban taɓa kiwo ba, amma gani nake na fi kowa tausayi.

Farkon damina ne, dawa ta tsiro sai ruwa ya ɗauke. Na tara matan ƙauyen a ƙofar gidan mai gari ina ta zuba. Can na hango wata jar akuya a turke, igiya ta ci mata ƙafa. Na nuna ta na ce, "Mai akuyar can ba ta tsoron Allah ne?"

Wata tsohuwa goye da jariri ta sunkuyar da kai ta ce, "Tawa ce, ɗana. Ai da damina ɗaurewa akai."

"Inna, wannan tsohon yayi ne," na ce, har da 'yar dariyata.

Kunyar idon mutane ta sa ta je ta kwance ta a gabana. Na hau babur ina jin na yi aikin lada. Ban san uwar jaririn ta rasu wajen haihuwa ba, da nonon akuyar nan yake rayuwa.

Bayan kwana uku na koma ɗaukar hoto don rahoto, na tarar da turke babu komai. Akuyar ta faɗa gona ta ci ƙaramar dawar da fari ya taɓa, wadda duk garin an san dafi ce ga dabba. Cikinta ya kumbura, ta mutu mushe, ko wuƙa ba a kai ga sa mata ba. Tsohuwar na zaune tana ɗura wa jaririn kunu, yana furzarwa yana kuka.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tabarma ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Da ka tambaye ni mi take so, da na ce maka rumfa da maganin ƙafar nan. Igiyar kam ita ke tsare mata rai."

Ranar kasuwa na nemo mata wata akuya mai nono. Amma gudawa ta riga ta kama jaririn, bai kai sati ba ya koma. Rai na Allah ne, na sani, sai dai har gobe in na tuna zuciyata ba ta yafe mini.

Ina nan cikin wannan aiki, don tausayin dabba gaskiya ne. Amma tun daga ranar na gane cewa tausayin da bai san gari ba ɓarna yake yi. Yanzu duk ƙauyen da na shiga, sai na zauna mai dabba ya koya mini kafin in buɗe baki.