A Gwangwani Ake Shuka

A bayan gidajen 'yan majalisa a Delhi akwai layin ɗakunan barori, nan na tsufa ina wanki da guga. Ba ma biyan haya. Ka yi wa mai gidan gaba aiki, ya bar ka ka kwana a ɗakin baya, ranar da ya rasa kujera kai ma ka rasa ɗaki. Ni Bhagelu gida shida nake yi wa wanki, in ɗaya ya faɗi sai in maƙale wa wani. Duk wanda ya daɗe a layinmu a gwangwani yake shuka, barkono ne ko na'ana'a, abin da zai ɗora a ka ya yi gaba.

Sukhiya ba ta san wannan ba. Bayan zaɓen 1998 ta zo daga wani ƙauye a Bihar, mijinta ya rasu, tana yi wa wani sabon ɗan majalisa girki. Matar maigidan ce ta ce mata shekara biyar za a yi, ita kuma ta miƙa wa ƙanen mijinta bukkarta da ɗan filinta, ta shigo jirgin ƙasa da ƙullin kaya da dashen mangwaro naɗe cikin buhu.

Washegari ta same ni a teburin guga.

"Yaya Bhagelu, ara min fartanya."

"Wa za ki binne?"

"Mangwaro ne, daga tsakar gidan marigayi na ciro. Shekara biyar yake fara 'ya'ya, daidai da wa'adin maigida."

Matan layi suka fashe da dariya, daga ranar sunanta ya koma Shekara-Biyar. Da na so, da na gaya mata jam'iyyu goma sha wani abu ne suka haɗa gwamnatin nan, kowacce riƙe da wuyan 'yar'uwarta. Ban faɗa ba. Na ba ta fartanya, har na nuna mata inda ƙasa ke da danshi. Ɗakinta ne kaɗai ba ya yoyo a layin, kuma ƙanen matata, Lallan, ya daɗe yana neman wurin zama.

Wata goma sha uku tana ba dashen ruwan wanke-wanke, tana kore masa awaki, tana yi masa magana kamar mutum. Ran nan da rana tsaka, cikin zafin Afrilu, muna kewaye da rediyona aka ce gwamnati ta faɗi da ƙuri'a ɗaya.

"Ɗaya tak?" in ji Sukhiya. "To su sake ƙirgawa mana. Ko ni nakan ɓata ƙirgen gurasa."

"Je ki gaya musu, Shekara-Biyar, ke suke jira," in ji wata.

Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe, maigidanta ya sha ƙasa. Ranar tafiya matarsa ta leƙo ta tagar mota ta ce masu girki sun yi musu yawa a ƙauye, Sukhiya ta zauna ta ga ko sabbin zuwa za su riƙe ta.

Wataƙila da sun riƙe ta ɗin, don hannunta da daɗi. Amma ni na fara kai wa sabuwar uwargida wanki. Na yaba mata girkin Lallan, sannan na rage murya na ce, "Ta ɗakin baya kuwa ta tsohon maigidan ce, jam'iyyarsu daban. Wa ya san abin da za ta zuba a tukunya?" Kwana uku aka ba Sukhiya ta bar ɗakin.

Ta sake zuwa aron fartanya, na ce ƙotar ta karye. Da ludayi ta yi ta tono yini guda, amma saiwa ta riga ta yi nisa. Ta tafi da ƙullinta, ta bar rami rabi, Lallan ya cike shi da ƙafa.

A shekara ta biyar cif mangwaron ya yi 'ya'ya, kamar yadda ta faɗa. Ban taɓa shan mai zaƙinsa ba. Ina cikin shan ɗaya sai ga ta a bakin layi, ta rame ta yi baƙi, an ce a gindin gada take kwana. Ta tsaya tana kallon bishiyar, ta roƙi guda ɗaya.

"Na mai ɗaki ne," in ji matar Lallan.

Mutane sun taru, ni kuma na ga wurin ba da dariya. Na tsotse nawa sarai, na jefa ƙwallon a gwangwanin madara, na miƙa mata.

"Ungo, ƙanwata. Wannan karon ki shuka yadda ake shukawa."

Ba wanda ya yi dariya. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Amma hannu biyu ta sa ta karɓa, ta durƙusa a gindin bishiyar ta cika gwangwanin da ƙasa.