Na'ibi, Mai Duba Bayan Hankaka

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke unguwar Madain Fahd, Ammu Na'ibi, wato Baffa Na'ibi da Larabci, ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Ɗaga hannu ɗaya ya wadatar da kowa. Sai ya kurɓi shayin da matarsa Jawahir ta ajiye masa, ya biya ma'ajiyar kamfani ya karɓi bindigar iskarsa, ya naɗe ta a tsohon bargo, ya kwantar da ita a kujerar baya, ya sauke gilasan mota duka huɗu. Wanda ya san Jidda a tsakiyar zafi ya san wannan ba ƙaramar jarumta ba ce, domin iskar gari kamar tururin madambaci take. Amma in dai bindiga na cikin mota, Ammu Na'ibi ba ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota. Ya ce gilashin da ya sha sanyi, da ya fito cikin laimar teku sai ya yi raɓa, kuma maharbin da gilashinsa ya yi raɓa makaho ne riƙe da makami.

Aikinsa rage hankaki. Ba irin hankakan ƙasar Hausa mai farin ƙirji ba. Waɗannan baƙaƙe ne masu toka-tokan wuya, da ake cewa jiragen ruwa suka kawo su daga gabas. Sun cika itatuwan dogonyaro, suna fasa ledar shara, suna cinye ƙwan ƙananan tsuntsaye, in lokacin sheƙa ya zo har kan mutum suke sara. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki a wani kamfani mai lasisi, kuma a duk tsawonsu ba a taɓa kawo ƙararsa ba, ko ta fasa taga, ko ta huda tankin ruwa, ko ta kashe tantabarar wani.

Hankakin sun san shi sarai. Sun haddace motarsa, sun haddace tafiyarsa. Shi ya sa yau za ka gan shi da hula, gobe da rawani, jibi da kwalkwalin leburori, duk don ya ɓad da kama. Jawahir takan ce a unguwar Ruwais aka haife shi, a nan ya girma, amma hankakin Ruwais sun fi dangin Ruwais gane shi, don su ko daga nesa suna yi masa sallama.

Abin da ya fi shahara da shi a tsakanin abokan aiki shi ne zaɓen darbil, wato madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga don saiti. Mai shagon darbil a unguwar Bani Malik in ya hango shi sai ya fara fito da kwalaye yana dariya, domin ya san yau ba ciniki na minti biyar ba ne. Ammu Na'ibi ba ya kallon na cikin gilashi masu sheƙi. Na ƙasan kanta yake nema, wanda kuɗinsa bai wuce na buhun shinkafa biyu ba, kuma iri ɗaya sai an ba shi uku ya gwada. Ba ya gwadawa a rana, don ya ce a rana kowane gilashi gwani ne. Inuwar bishiya yake hanga, can cikin duhun ganye inda hankaka ke zama. Sai ya tako taku goma ya duba ko zai nuna abu na kusa tar, tunda harbin cikin gari ba na nesa ba ne. Ya murɗa maɓallin saiti yana saurare da kunne. Ya buga shi a tafin hannu, ya sake dubawa ko zaren ciki ya gusa. Tambayarsa ɗaya ga mai shago: an ƙera shi don bindigar iska? Domin ita bindigar iska, da yake sifirin na ƙarfe ke tunkuɗa harsashinta, gaba take duka, ta duki baya, alhali babbar bindiga baya kaɗai take duka. Darbil ɗin da bai san dukan gaba ba, komai tsadarsa, cikinsa kwancewa yake yi. In ya zo kan mariƙin da ke ɗaure shi da bindiga kuwa, a nan ne ba ya neman arha. Kuma bai taɓa sayen wanda ke kusanto da abu fiye da ninki huɗu ba.

Wannan ilimi ne, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Amma mu nawa ne muka taɓa kiransa haka? A walimominmu ana zaunar da mai shagon zinariya a gaba, a ce wa irin su Ammu Na'ibi su matsa ciki. Akwai 'yan uwansa da in aka tambaye su sana'arsa sai su ce "yana sharika," wato kamfani, ba ƙari. Kakanninmu sun tako da ƙafa daga ƙasar Hausa har gaɓar wannan teku, ba su ji kunyar ɗaukar ruwa a ka ba; mu kuma mun zauna cikin sanyi muna jin kunyar mutumin da ya sa muke iya shanya a soro. Wannan ba wayewa ba ce, lalaci ne da ya sa turare.

Bara kamfanin ya yi sabon manaja, Nawaf. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mai karatu ne, mai son gyara, jikan Hausawa da ke jin Hausa tsaf amma yake amsawa da Larabci. Ya duba kayan aikin maharba ya ga duk tsofaffi, zuciyarsa ta sosu. Sai ya yi odar manyan darbil goma sha biyu daga waje, kowanne kamar taɓarya, masu kusanto da abu ninki ashirin da huɗu. Ya tara ma'aikata ya ce daga yau kowa ya ɗaura.

Maharba goma sha ɗaya suka ɗaura. Cikinsu akwai waɗanda Ammu Na'ibi ya koya wa aiki, sun san abin da ya sani. Suka ce kafili, wato ubangidan da takardunsu ke hannunsa, ya ce, halas, magana ta ƙare. Shi kaɗai ya ɗauki nasa, ya leƙa, ya mayar cikin kwali, ya yi godiya. Ya ce abu ne mai kyau ga mai harbi a sahara, amma shi ba zai ɗana kunamar bindiga da shi a unguwar da mutane ke zaune ba. Nawaf ya ɗauka taurin kan tsufa ne. Ya ce a gaban kowa, ko ya ɗaura ko ya ajiye bindiga, kuma yana da wata guda ya yi shawara kafin a rufe fayil ɗinsa.

Sai a fahimci abin da wannan ke nufi. Ammu Na'ibi ya haura sittin, a Jidda aka yanke cibiyarsa, amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, a kan sunan kamfanin take. In suka sallame shi, wa zai ɗauki dattijo mai harbin hankaka? Ba shi da wani gari da ya sani. Jawahir ta roƙe shi ya ɗaura abin nan ko don ido, in ya fita ya ƙi harbi. Ya ce in ya ɗaura ya shaida cewa daidai ne ke nan. Ya kwance ƙaramin darbil ɗinsa, wanda da ma da kuɗinsa ya saya, ya jefa a aljihu, ya miƙa bindiga. Aka mayar da shi mai bin maharba da buhu yana tsince gawar hankaki.

Ana cikin mako na uku, kwana huɗu bayan sallar layya, aka kira kamfanin daga Madain Fahd cewa hankaki sun mamaye wani soro. Nawaf, da yake shi ma yana da lasisi, ya ce da kansa zai je ya nuna yadda sabon kaya ke aiki. Aka tafi da maharba uku su gani, da Ammu Na'ibi da buhunsa. Suka hau soron da ke fuskantar wancan. Ga hankaki nan jere a kan katanga, sun fi ashirin. Nawaf ya durƙusa, ya ɗora bindiga, ya ce har ƙwayar idon tsuntsun yake gani.

Ammu Na'ibi bai ga kowa a wancan soron ba. Amma ya san abin da duk ɗan unguwar nan ya sani: bayan layya matanmu suna shanya nama a soro, kuma ba macen da za ta bar namanta ga hankaki ta sauka. In ka ga sun jeru suna kallo ba su dira ba, to akwai wanda suke tsoro. Ya ciro ƙaramin darbil ɗinsa ya leƙa, sannan ya ɗora tafin hannu a kan bakin bindigar ya danne ta ƙasa.

"Ya waladi, ɗana, me ke bayan hankakan?"

Nawaf ya ce duhu ne kawai, wataƙila inuwar tanki.

"To karɓi na talaka ka duba inuwar."

Nawaf ya karɓa ya leƙa. Katangar irin mai ramukan ado ce. A cikin ƙaramin gilashin ya ga hankakan ƙarami, ya ga katanga, ya ga igiyoyin nama, ya kuma ga inuwar ta ɗaga hannu ta gyara mayafi. Hajiya Zubaidatu ce, wadda ta kira su, zaune a kan kujera 'yar tsugunno cikin baƙar abaya, da sanda a cinya, fuskarta daidai ramin da ke bayan tsuntsun. Babban darbil ya cika ido da hankaka, ya narkar da duk abin da ke bayansa ya zama baƙi ɗaya.

Waɗanda ke wurin sun ce Nawaf ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya tashi, bai aiki kowa ba. Shi da kansa ya sauka, ya tsallaka titi, ya yi sallama, ya hau ya faɗa wa tsohuwar abin da ya kusa yi, da Hausarsa mai tuntuɓe. Ta saurare shi har ya gama, ta kalle shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Da ya faɗa, ta ce ta san kakarsa, mace mai hankali, ba ta san inda aka samo shi ba. Sannan ta leƙo ta katanga.

"Na'ibi, kai ne da buhu kamar mai tallan gawayi? Ka hana yaro ya harbe ni, na gode. Hankakin fa? Tun safe sun ɗauke mini rabin hanta."

"Ki sauka da namanki, Yaya, ki ba ni rabin awa."

"In sauka? Wato ku cinye ku ce hankaka ne."

Sai da Nawaf ya ɗauki tiren naman a kansa ya sauko mata da shi hawa uku, tana biye tana ƙirga masa tsoka da ido. Da ya dawo, ya miƙa wa Ammu Na'ibi bindigar da hannu biyu. Dattijon ya kwance taɓaryar, ya ɗaura nasa, ya gwada saiti a jikin kwali, ya canza wurin tsayawa har sai da bangon siminti ya zama shi ne a bayan tsuntsayen. Bakwai ya sauke. Sauran suka gane shi, suka watse suna zaginsa.

Ba a rufe fayil ɗin ba. Kafin wata biyu ma manyan darbil ɗin suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Nawaf ya ɗauke shi a mota zuwa Bani Malik, ya tsaya a gefe awa uku yana kallon yadda ake zaɓe, yana rubutawa. Ya cancanci yabo a kan haka. Waɗanda ba su cancanta ba su ne goma sha ɗayan nan da suka sani suka yi shiru, da mu da muke yin irin shirunsu kullum a ofis da asibiti da makaranta, muna cewa ba ruwanmu.

Ammu Na'ibi, kai ne wanda aka ba zaɓi tsakanin takardar zamanka da idon wata da ba ka ma san wace ce ba a lokacin, ka zaɓi idon. Kai ne ka ɗauki buhu mako uku ba ka zagi kowa ba, ba ka kuma janye maganarka ba. Dattijo mai ganin bayan katanga. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba Jawahir ladan fargabar da ta sha.

Sauran mu kuwa, kowa akwai ranar da za a miƙo masa abu mai sheƙi a ce ɗaura, alhali ya san akwai mutum a bayan katanga. Ranar nan kada ka waiwaya kana neman dattijon da zai danne bakin bindiga. Hannunka ne mafi kusa.