Kayan Alhazai a Kan Soron Saminu

Duk wanda ya zauna a unguwar da ke bakin gonakin dabino, can kudancin Madina, ya san Saminu mai hular kwano. Wanda ya ce bai san shi ba, to gidansa ba shi da soro.

A unguwar Harra ta Gabas, nan cikin Madina, aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ya sauke farali, ya ga Madina ya ce shi kam ya iso. Saminu ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a matatar mai a Yanbu. In baƙo ya tambaye shi aikinsa, sai ya gyara zama ya ce sashen kashe gobara. In kuwa matarsa Ƙaltume tana kusa, sai ya rage murya ya faɗi gaskiya: shi ne mai zagayawa yana duba jajayen tukwanen kashe wutar nan da ake ratayewa a bango, ya ɗaga, ya girgiza, ya sa hannu a kati, ya wuce. Duk tsawon shekarun nan ko wutar sigari bai taɓa kashewa ba. Shi da bakinsa yake faɗa, yana dariya har da dukan cinya.

A shekarar 1997 ya ajiye aiki, ya dawo gida da hular kwano rawaya da ciwon gwiwa, da tsoron wuta wanda zai ishi mutum goma. Kuma don neman magana sai ya gina gidansa daf da gonakin dabino, inda manoma ke tara busassun rassa su cinna musu wuta, ko da iskar samum mai zafin nan tana kaɗawa.

Abin da ya koyo a Yanbu gaskiya ne, ba a raba shi da wannan. Ya ce wuta ba sai ta tako har ƙofar gida take cin gida ba. Iska ce ke ɗauko ɗan garwashi, ta tsallake gida biyar da shi, ta ajiye a kan soron na shida. In ya sauka a kan siminti tsirara, ya mutu. In ya samu kwali ko tsohuwar katifa, ko ya gangara bakin indararo ya tarar da sheƙar tattabaru, to sai dai a yi ta salati. Ga shi a Madina ba mai tunawa da indararo, tunda ruwan sama sau biyu ne ko uku a shekara, shi ma in ya ga dama.

Sai Saminu ya naɗa kansa sarkin sororin unguwa, ba wanda ya roƙe shi. Da an sallame La'asar zai kifa hular kwano a kan tagiyarsa, ya saɓa tsani, ya ɗauki tsintsiya da wata doguwar waya mai lanƙwasa, ya hau sallama gida gida. Ya zaƙulo sheƙa daga indararo, ya ɗaure raga a bakin, ya sa a sauko da kwalaye, ya ce a ajiye bokiti biyu a gindin tankin ruwa. Dattawa suka riƙa canza hanya in sun hango shi. Samari, da suke jin Hausa amma ba sa mayarwa, sai su ce masa «ɗayyib ya ammi», wato to baffa, su zille. Maƙwabcinsa Abdulrauf, wani tela Bahaushen Sudan, ya raɗa masa suna Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara sukutum. Saminu ya san ba'a ce, amma wallahi sunan ya yi masa daɗi.

Soro ɗaya ne tak a unguwar da bai taɓa gayyatar kowa ya gani ba, shi ne nasa. Ƙofar matakala kullum da kwaɗo, katangar soron kuma ta fi tsayin mutum, kamar ta kowa. Bayan katangar nan kuwa, kaya ne jibge har kafaɗa.

Ga yadda aka yi. Kowace shekara bayan aikin Hajji, 'yan uwa da 'yan uwan 'yan uwa sukan zo ziyara Madina, daga Kano, daga Damagaram, daga Sudan da Chadi, su sauka gidan Saminu su gaida jikan Malam, kamar yadda suke kiran kakan nasa. Sun yi tsaraba har ta fi ƙarfin ma'aunin jirgi. Ranar tafiya sai mutum ya jawo wata jaka gefe, ya ce ajiye mini wannan, baɗi in Allah ya kai mu zan dawo in ɗauka. Wa zai kalli baƙon Manzon Allah ya ce masa a'a? Ba Saminu ba. Sai ya karɓa, ya rubuta suna da gari a jiki, ya kai ɗakin ajiya. Da ɗakin ya cika, ya koma soro. Barguna ne, tabarmi ne, katifu ne, akwatuna ne, har da keken ɗinki. Ya gwada aikawa ta hannun matafiya, sai ya tarar kowane matafiyi da nasa nauyin yake fama. Sau biyu ya je roƙon a tafi da jaka ɗaya, ya dawo gida da biyu.

A cikin tarin duka, wadda ta fi tsaya masa a rai wata shuɗiyar jaka ce ɗaure da igiya. Ta Inna Sa'adiya ce, wata tsohuwa daga Damagaram, dangin kakarsa, wadda ta zo a 1998. Ita ba ta ce ajiye mini kawai ba. Hannunsa ta kama da hannuwanta biyu, ta ce ɗana, amana ce na bar maka. Bai taɓa kwance igiyar ba, bai san me ke ciki ba.

Ƙaltume ta yi magana har ta gaji. Ta ce ko dai ya rabar da kayan nan sadaka, ko wata rana su toye su a cikin gida, shi da hularsa. Ya ce ba nasa ba ne, ina shi ina sadaka da amanar mutane? Ta ce to ya daina hawa soron jama'a yana musu wa'azi. Nan ma ya kasa. Ya san ta fi shi gaskiya, kuma tsoro yake ji ƙwarai duk ranar da samum ta taso. Abin da ya iya kawai, ya sayo jar tukunyar kashe wuta ya rataye kusa da kayan, ya maƙala mata kati. Duk farkon wata ya hau, ya ɗaga, ya girgiza, ya sa hannu. Indararonsa kuwa, ko an ƙi ko an so, babu mai tsabtarsa a duk Madina.

Ranar wata Alhamis cikin watan Agusta na 2003, bayan Azahar, wutar wata gona ta ƙwace wa masu ita. Iska ta juyo da ita wajen unguwa. Hayaƙi ya rufe rana, garwashi ya fara yawo a sama. Abin mamaki, mutanen nan da suka shekara shida suna guje masa, kowa ya haye soronsa ya tsaya gindin tanki da bokiti, daidai yadda ya koyar. Saminu ya kifa hula, ya bi Abdulrauf zuwa soronsa don ya fi tsayi, ya tsaya yana ba da umarni. Yana kallo garwashi ke sauka a kan siminti tsirara yana mutuwa. Kai, ranar ya ji kansa! Har ya fara shirya yadda zai ba da labarin a masallaci.

Sai Abdulrauf ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna da haɓa.

«Ya Saminu, wancan hayaƙin ba daga gidanka yake tashi ba?»

Bai san lokacin da ya sauko ba, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Ya tarar Ƙaltume ta riga ta fasa kwaɗon da guduma. Ya haye, ya fizgo tukunyarsa, ya zare fil, ya matsa. Karon farko ke nan a rayuwarsa. Ta yi aiki kuwa, ta fesa farin gari fuu, kafin ya gama bisimilla ta ƙare. Shekara ashirin da biyu yana girgiza abar nan, bai taɓa sanin iyakar numfashinta ke nan ba. Ya tsaya riƙe da ita kamar mai jiran a ƙaro masa shayi.

Maƙwabta ne suka kashe wutar. Suka yi layi a matakala, bokiti na bin bokiti, wani ya jawo tiyo daga tanki. Motocin kashe gobara suka ji da gonar. Gida ya tsira, babu wanda ya ƙone, amma kayan alhazai sun zama gawayi, sai ƙarfen keken ɗinki da ya rage a tsaye. Mutanen da ya sa suka zubar da kwalayensu suka tsaya suna kallon tulin, suna kallonsa. Abdulrauf ma, mai bakin nan, Allah ya kiyaye gaba kawai ya ce ya sauka. Saminu ya ce da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya share soron shi kaɗai, ya wanke shi tas. Baƙin ruwa ya bi indararo ba ko tangarɗa, ya zuba a gindin katanga, ƙasa ta shanye. Daga nan ya zauna gaban tarho da littafin lambobi, ya fara kiran masu kaya ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Wasu sun manta sun bar wani abu. Wasu sun rasu, 'ya'yansu suka ce sun yafe. Wani ma ya tambaya ko akwai wuri yanzu, don ƙaninsa na zuwa bana.

Inna Sa'adiya ya bari ƙarshe. Mako uku yana ɗaga tarho yana ajiyewa, kunya da baƙin ciki sun hana shi sakat. In yana ba da labarin nan, dariya yake yi wa kansa tun daga farko, amma da ya kawo nan sai ya daina. Ya kira wani mai shago a Damagaram, aka ce ya sake kira bayan awa ɗaya, a je a taho da ita, don yanzu ba ta gani sosai. Da ya ji muryarta ya gaishe ta, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya ce ta faɗi abin da ke cikin jakar, zai saya ya aika mata.

Sai ta ce:

«Tsofaffin zannuwana ne, ɗana, da takalman da na taka zuwa Masallacin Annabi. Ai tun ranar na san ba zan dawo ba. Na bar su ne don in an yi zancen Madina in ce ina da kaya a can.»

Ta tambaye shi tokar fa, ina ya kai ta? Ya ce ya wanke soron, ta bi ruwa ta shige ƙasa a gindin gida.

«Ƙasar Madina?»

Ya ce e, Inna.

«To, sun fi ni sa'a,» in ji ta. «Kada ka aiko mini da komai.»