Yakuwar da Na Shuka a Istiraha

A gidan ɗana da ke unguwar Shifa, a ƙasar Larabawa, ni ce mai sa ido. Na san wanda ya buɗe firji, na san wadda ta yi alwala ta tsallake diddige. Ban taɓa shiga aji ba, amma jikokina uku sun fi tsoron gyaran muryata fiye da malamansu. A lokacin ina ganin wannan abin alfahari ne.

Wata bazara, kafilin ɗana, mai masana'antar da yake yi wa tuƙi, ya tafi hutu ya bar masa makullin istiraharsa na sati biyu. Gidan shaƙatawa ne a bayan gari: ɗaki biyu, rumfa, dabinai a jikin katanga, ga kwari can ƙasa inda ruwa ya kwanta tsakanin duwatsu. Da rana ta yi sanyi mukan gangara, yara su yi ta jifan ruwan, ni kuwa ina tsaye ina hana su zuwa baki.

Tsakar gidan ce ta tafi da hankalina. Ciyawa kore shar, a garin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Shekara shida rabona da ganin irinta. Na ce wa surukata, "Ƙasa mai kyau haka a bar wa ciyawa? Kafin mu bar nan sai kin ga yakuwata ta fito." Dama ina da iri a ƙulle a tsumma tun daga gida.

Ta buɗe baki. Na dube ta. Ta rufe.

Gwiwoyina sun daina lanƙwasuwa, don haka a tsaye na watsa irin, da takalmina a ƙafa. Na kafa doka kada wanda ya taka wurin. Kullum bayan sallar asuba in ja tiyo in yi ban ruwa, ina yi wa yaran gorin cewa su 'ya'yan bene ne, ba su san inda abinci yake fitowa ba. Na lura wurin ba ya ƙamshin ƙasa in ya sha ruwa, na ce ƙasar Larabawa ce, haka halinta yake. Na lura babu fara, babu tururuwa, na ce tsabta ce.

Kwana takwas, ko tsiro ɗaya. Ni kuma a gidan nan ban taɓa faɗin abu ya tashi a banza ba. Na tara jikokin a rumfa na ce babu mai sake ganin kwari sai wanda ya tattake min shuka ya fito. Ƙananan biyu suka fara hawaye. Babbar, 'yar shekara tara, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta ce, "Jadda, wallahi babu wanda ya taka."

"Kaka ake cewa. To me ya hana ta fitowa, malama?"

Ta dubi ubanta. Uban ya dubi dabino. Sai ta tafi kusurwar tsakar gida, ta kama gefen ciyawar ta naɗe ta kamar tabarma. Siminti ne a ƙasa, wankakke fes.

"Roba ce, Kaka."

Na juya wajen ɗana. "Kai ma ka sani?"

"Hajiya, ni na ɗauko ta a mota bara."

"Shi ne ka zuba min ido kwana takwas ina shayar da tabarma?"

"Sau biyu na yi niyyar faɗa. Kika yi gyaran murya."

Surukata ta shige ɗaki da sauri, tana tarin da ban yarda tari ba ne. Na tsaya da tiyo a hannu. Ni da nake ganin diddigen kowa, mutum biyar sun san abin da ke gabana, tsorona ya hana su faɗa. 'Yar ƙaramar yarinya ce ta iya, ita ma don ƙannenta.

Na ce su sa takalma.

A kwarin, ranar nan ban tsaya gadi ba, na nemi dutse na zauna. Babbar jikar ta zo ta zauna har kafaɗarta tana taɓa tawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta nuna ruwan ta ce, "Kaka, wannan dai na gaske ne."

"Ke, ki kiyaye ni."

Duk da haka na miƙa mata hannu ta riƙe ni, muka ƙarasa bakin ruwan, na tsoma ƙafa na tabbatar.