Karan Awon Kawu Bawa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Bawa na Badarawa, kuma duk shekara nakan gaya wa jama'a cewa daga Ƙaura har Shinkafi ba a taɓa ɗan da ya yi wa kawunsa hidimar jana'iza kamar ni ba. Bana dai bakin ya yi mini nauyi.

Kawu dogo ne siriri kamar karan dawa. Ni nakan ce karan hancinsa ke riga shi shiga masallaci, shi kuma ya yi dariya ya jefe ni da hula. Da kara ya rayu: darnin gidansa, gadonsa, asabarin ƙofarsa, duk aikin hannunsa ne. Da zai ga yadda bulo ya cinye unguwar yau, na san zai tambaya ta ina iska take shiga.

Ranar da ya cika, aka auna tsawonsa da kara kamar yadda aka saba, aka ba ni in kai wa masu haƙa. A hanya, dab da maƙabarta, wani bunsuru ya tare ni, na zabga masa karan, ya ɓarke da kuka. Bakin karan ya ɓalle, kusan taƙi guda. Na duba gabas da yamma, ba kowa. Na miƙa wa Malam Isa, shugaban masu haƙar kabari, ban ce uffan ba.

Da aka kawo Kawu, kabari bai isa ba. Aka ajiye makara cikin rana, jama'a na tsaye, ana ƙara haƙa. Ina ji ana cewa idon Malam Isa ya tafi, tsufa ya kama shi. Har kai na gyaɗa. Tun daga ranar ba a sake ba shi karan awo ba, shi da ya yi shekara talatin yana aikin don Allah.

Kawu bai bar dukiya ba. Abin da ake tuna shi da shi, bai taɓa barin wani ya ɗauki laifinsa ba. Wannan gadon ne ya tsallake ni. Allah ya jiƙan Kawu.

Makon jiya na je na durƙusa gaban Malam Isa, na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Sani, tashi. Tun da ka miƙo karan ga na ga sabuwar karaya a bakinai, kukan bunsurun ma na ji shi. Kara na yi maka, ina jiran ka yi mini. Shekara tara, ashe bunsuru ya fi ka saurin yin magana."